Oba-oba a Bakin Rijiya

Duk Tudun Wada an san Kailani mai haƙar rijiya da abu biyu: ya iya aiki, kuma in ya buɗe baki sai dai Allah ya kawo agaji. Ƙanensa Sabo ke shiga rami, shi yana sama yana jan ƙasa. Shekara da shekaru da igiya suke magana: ja ɗaya a ɗaga guga, ja uku a fito da mutum.

Sai Kailani ya sayo oba-oba, irin rediyon hannu na 'yan sanda, guda biyu a shagon Udochukwu da ke Kwangila. Mai shago ya yi masa bayani: "Oga, ka danna ka yi magana, ka saki ka ji. Ba a haɗa magana da ji." Kailani ya ce ya gane. Ina fa! Tun ranar aka daina riƙe igiya a hannu, sai a ɗaure ta a turke, wai ai ga na'ura.

Wata Talata da hantsi, a wani gida wajen Tudun Jukun, rami ya kai gaba goma sha biyu. Kailani ya leƙa, ya ga kamar bangon ya karkace. Ya danna ya hau faɗa.

"Kai Sabo, wannan aiki ne? Shekara nawa ina koya maka?"

Daga bango ya koma kan lattin jiya, daga nan ya tono na bara. Yana zagaye tsakar gida yana zuba, yatsa na kan maɓalli, har yana jin daɗin yau Sabo bai musa ba.

Ashe iskar ƙasa ce ta ɓaci, irin wadda ke toshe numfashi a rami mai zurfi. Da ya saki, babu abin da ya ji sai shuuu. Ya waiga ya ga igiya ta miƙe a turke, wa ya san sau nawa aka ja ta. Kafin maƙwabta su taru a fito da Sabo, rai ya yi halinsa.

Ran sadakar uku mahaifiyarsu ta kira shi ɗaki. Ba ta zarge shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Kailani, an ce kuna magana ta wannan abin har ƙarshe. Me ɗana ya ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Inna. Ni ke magana."