Jinjirayen Wata a Gindin Tsamiya

Hammadu yana tsaka da cinikin bijimi a kasuwar Azare sai hasken hantsi ya fara dushewa. Ba hadari, ba hayaƙi. Kaji suka nufi akurki, wata mai nono ta saki ƙwarya tana salati. Aka ce an kama rana.

Shi ba tashin duniya ne ya faɗo masa ba, ɗansa Bappayo ne. Yaro ne da bakinsa ba ya hutawa: ina rana take kwana, wa ya ƙera wa kunkuru ƙoƙonsa. Malamai biyu sun koro shi a garin Sakwa, bulala ma ta gaji da bayansa, kafin a kawo shi wurin Malam Jumare, tsohon da ke karantarwa a gindin tsamiya. Shi Malam in ka tambaye shi abu, sai ya ce je ka duba, ka dawo ka gaya mana. To da safen nan Hammadu ya ji ana gulma cewa jiya, a bakin rijiya, yaron ya ce, "In rana ta mutu, wa zai hura ta?"

Ya saki igiyar bijimin ya ruga makarantar Malam. Gabansa ga Maikuɗi mahauci da jama'a riƙe da sanduna, ana cewa, "Ɗan Fulanin nan mai mugun baki ne ya ja mana!" Bappayo ɗan farinsa ne, don kunya bai taɓa kiran sunansa ba. Ranar sai ga shi yana ihu, "Bappayo! Bappayo!"

Malam Jumare ya tare su a bakin zaure, buta a hannu.

"Maikuɗi, yaron da bai iya ɗaura wando ba shi ya kashe rana? Ashe tun bara da mun roƙe shi ruwan sama. Ku ajiye itacen nan ku yi alwala. Salla ake yi yau, ba farauta ba."

Ba wanda ya yi dariya, sandunan kuma ba su sauka ba. Hammadu ya kutsa ta gefe. Ya tarar da yaron durƙushe a gindin tsamiyar, ya kafa ido a ƙasa.

"Baffa, kar ka taka! Malam ya hana mu kallon sama, ya ce mu duba ƙasa. Ka gani?"

Duk inda haske ya ratso ganye, ya zama ɗan jinjirin wata. Ga su nan birjik.

"Ɗazu sirara ne kamar farce. Yanzu suna ƙiba. Tana dawowa."

Maikuɗi ya leƙo, ya daɗe a sunkuye, sannan ya jingine sandarsa ya karɓi butar.

Da gari ya washe Malam ya ce, "Za ka tafi da shi ne?"

Hammadu ya dubi yaron, ya kau da kai.

"A bar shi, Malam. Ni bijimina zan nema."