Taku Bakwai Daga Bishiyar Lemo

Tun daga bakin get ya gane gidan. An sake fenti, an ƙara wa katanga tsawo, amma kwanar da hanyar mota take yi kafin ta kai gareji tana nan yadda ya san ta. Ya kashe mota ya ɗan zauna. Matar da ke karɓar waya a ofishinsu lambar gida da sunan layi kawai ta rubuta masa, layin kuwa an canza masa suna tun bayan tashinsu daga unguwar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki, shimfiɗa bututun ban ruwa a filayen ciyawa da gyaran kawunan feshi, waɗanda suke ɗagowa daga ƙasa in an kunna ruwa, su koma in an kashe. Ya shiga gidaje ba adadi. Bai taɓa kawo wa ransa aiki zai kawo shi wannan ba, gidan da mahaifinsa ya yi shekara ashirin da shida yana kula da lambu, inda aka haife shi a ɗakin baya.

Matar gidan ta fito da tabarau a saman goshi. Likita ce, an gaya masa a ofis. Ta nuna masa gefen hanyar motar, inda ciyawa ta yi caɓi.

“Kawunan feshi guda shida ne a jere nan. Da taya ta ɗan hau, ko injin yankan ciyawa ya bi ta kai, sai ka ga ruwa yana ɓulɓulowa. Sau uku ana gyarawa bana. Na gaji.”

Ya durƙusa ya yanke ciyawar da ke kewaye da na farko, ya ajiye ta gefe da ƙasarta, ya tona da hannu har ya kai gindi. Abin da ya zata ne. Kan feshin yana zaune a kan sandararren bututu da aka ɗaura tsaye a jikin babban bututu. Duk nauyin da ya hau sama, ƙasa yake sauka, mahaɗar ta tsage.

“Ranki ya daɗe, ko sau goma aka sa sabo haka zai yi. Sai dai a raba shi da babban bututun. Akwai gajeren bututun roba mai lanƙwasa, da mahaɗa mai siffar gwiwa a kowane baki. In mota ta taka, kan ya ɗan nutse ya dawo, babu abin da zai karye.”

Ta sauko da tabarau tana kallonsa.

“Ɗago in ga goshinka. Wannan tabon, ba daga kan katangar can ka faɗo ba? Auta?”

“Ni ne, Yaya.”

'Yar maigidan ce ta fari. Ta girme shi da shekara bakwai, ita ce take ba shi tsofaffin littattafanta yana ƙarami. Ta ce iyayenta sun rasu, ita ta dawo gidan shekara huɗu da suka wuce. Ta zauna a bakin siminti kamar ba ta da wurin zuwa, ta tambayi mahaifiyarsa, ya ce ta rasu. Ta yi mata addu'a. Sannan ta ce, “Baba fa?”

“Yana nan. Yana wurin babban wana, tafiyar awa biyar daga nan. Ido ya yi rauni, kuma ya fara mantuwa.”

“Kana leƙa shi dai?”

Ya ci gaba da kwashe ƙasa daga ramin. Sama da shekara rabonsa da zuwa. A zuwansa na ƙarshe ya yi kwana biyu a gefen tsohon, tsohon yana gaishe shi kamar baƙo, yana tambayarsa ko ya ga Auta a hanya, yaron ya daɗe bai zo ba. Tun daga nan kullum sai ya ce wata mai zuwa. Bai gaya mata wannan ba. Ya ce aiki ne ya yi yawa.

Kafin ya yanka komai sai an tsayar da ruwa. Ta ce masu gyaran da suka zo a baya daga tanki suke rufewa, gidan gaba ɗaya ya wuni babu ruwa. Shi kuwa ya tuna akwai bawul na rufe ruwan lambu shi kaɗai, wanda mahaifinsa ya binne a wani wuri. Ya ɗauki rodi yana caka ƙasa, daga gefen gareji zuwa bayan kicin. Kusan awa guda, bai taɓa komai ba sai duwatsu.

Ya tsaya a inuwar katanga ya kira wansa, ya ce a ba Baba waya.

“Wa ke magana?”

“Ni ne, Baba. Auta.”

Ya ji rediyo yana yi a can cikin ɗakin.

“Baba, ina gidan maigida. Bawul ɗin lambu nake nema.”

Muryar da ta amsa ba ta ɗazu ba ce. Ta miƙe, har da ɗan faɗa a ciki.

“Sau nawa zan nuna maka? Ka ba bishiyar lemo baya, ka kalli tagar kicin, taku bakwai. Takuna fa, ba naka ba, kai ƙafarka gajera ce.”

An sare lemon, amma kututturen yana nan cikin furanni. Ya ba shi baya, ya buɗe ƙafa ya ƙirga bakwai, wayar tana kunnensa. Shebur ya daki wani faifan siminti. A ƙarƙashinsa ga bawul ɗin, an naɗe wuyansa da yankin robar tayar keke, an ɗaure da irin ƙullin da tsohon yake yi wa komai, har igiyar shanya.

“Na samu, Baba.”

“To kada ka matse shi da ƙarfi, ba ya so. Ka gaya wa maigida gobe da sassafe zan shigo. Furannin wardin nan suna son aski.”

“To, Baba.”

Ya daɗe a tsugune bayan wayar ta katse. Likita tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai, ta koma ciki.

Ya rufe bawul ɗin, ya bi kawunan feshin ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance kan feshin, ya zare karyayyen bututun, inda mahaɗa ta tsage ya yanke ta da zarto ya sa sabuwa da gam. Ya naɗa farin tef a bakin gwiwar da ake murɗawa, ya murɗa ta da hannu a jikin mahaɗar, ya tura bututun robar har ya zauna, ya sa gwiwa ta biyu a ɗaya bakin. Kafin ya ɗaura kan sai ya je ya ɗan buɗe ruwa ya wanke yashin da ya shiga. Da robar ta ba shi sarari, ya matsar da kowane kai kamar faɗin tafin hannu daga bakin siminti, ya daidaita shi da fuskar ƙasa, ya mayar da ƙasa yana dannawa, ya ɗora ciyawar a mazauninta. A na huɗu ya kama kansa yana fito da harshe gefen baki, yadda tsohon yake yi in yana murɗa abu.

La'asar ta yi kafin ya gama. Ya buɗe bawul ɗin a hankali, kawunan shida suka ɗago tare.

Likita ta kawo masa ruwan sha, ta ce, “Ka kawo Baba, Auta. Ko wuni ɗaya ne.”

“Ba lalle ya gane ki ba, Yaya.”

“Ni ai zan gane shi.”

Bayan mako biyu ya je ya ɗauko shi. A hanya tsohon ya kira shi direba, ya yi masa godiya sau uku. Da suka shiga get sai ya ƙi kujerar da aka fito masa da ita. Ya dogara sandarsa ya bi gefen hanyar motar, yana shafa ciyawa da ƙafa har ya ji kan feshi. Auta ya bayyana masa abin da ya sa a ƙasa.

“Roba?” in ji tsohon. “Ba za ta yi damina biyu ba.” Ya ɗora sandar a kai ya danna da duk ƙarfinsa. Kan ya nutse ya dawo. Ya sake dannawa. “Hm. Wa ya koya maka?”

“A wurin aiki, Baba.”

“Ba laifi.”

Likita ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambaye ta ko an tashi daga makaranta ne, ta ce eh, an tashi. Ya ce a kunna ruwa ya ji. Aka kunna. Ya tsaya a inda feshin yake kaiwa, ƙafar wandonsa tana jiƙewa, suka yi ta roƙonsa ya matsa ya ƙi. Ya nuna kusurwar katanga da sanda ya ce can ba ya samun ruwa sosai, a duba. Auta ya je ya duba, haka ne kuwa, ya juya bakin feshin kaɗan.

Da rana ta yi sanyi suka kama hanya. Kafin su fita daga layin tsohon ya ce, “Auta, ka rufe get ɗin kuwa?”

“An rufe, Baba.”

Ya jingina kai da gilashi, barci ya ɗauke shi. Auta ya rage gudu saboda ramuka, ya kira wansa ya ce kada su jira su yau, Baba zai kwana biyu a wurinsa.