Mustahabbin Jatau

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarsa, Jatau ya kasa zama wuri ɗaya. Ya yi wa matarsa Marka alkawari ba zai tafi kudu ci-rani ya bar ta da yara huɗu ba, sai ga rumbu ya kusa kai ƙasa.

Ran kasuwar Maradun ya ga takarda manne a bango, kamfanin dam na neman direbobi. Wani ɗan boko ya karanta masa: lasisin tuƙi dole ne. Wannan Jatau na da shi, shekara tara yana jan motar gyaɗa. Amma a gaban takardar firamare an sa wata kalma, desirable, kuma ɗan bokon nan, da duk iyayinsa, sai ya hau sosa ƙeya.

Jatau bai taɓa taka aji ba. Ya sa aka kwafa masa kalmar a bayan kwalin sigari, ya hau keke sai Bakura, wurin surukinsa Malam Ɗanasabe, malamin makaranta. Ko gaisuwa bai bari ta kai ƙarshe ba.

“Malam, wagga kalma mi take nuhi? Dole ta, ko ba dole ba?”

Malam ya gyara tabarau. “Abin da aka so, amma ba a tilasta ba. Ka san farilla, ka san mustahabbi? To, lasisi shi na farilla. Takarda mustahabbi ta.”

Jatau ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba. Wa aka taɓa kamawa don ya bar mustahabbi? Ya aika wa Marka cewa aiki ya samu, tun bai samu ba. Halinsa ke nan.

Ran Litinin a Talata Mafara ya tarar da layi har bakin titin Sakkwato, kowa da lasisinsa a hannu. Ya yi ta leƙe, yana sauya ƙafa, har azahar. Akawu ya fito ya ce mutum goma ake so, masu takardar firamare su matso. Goma sha bakwai suka matsa.

Da yamma ya biya ta Bakura. Bai sauka daga keke ba.

“Malam, ba ka yi kuskure ba,” in ji shi. “Amma wurin Allah kaɗai farilla ka isa.”

Ya nufi gida yana taka keken a hankali. Tun daga nesa ya ji ƙamshi. Marka ta yanka zakaran da ya rage musu.