Kunnen Mai Agogo

"Gwaggo! Gwaggo, ki taso, Baba yana magana ba na ganewa!"

Sai da ɗan Mai Agogo ya dafa kan keken ɗinkin sannan Tela ta san da mutum a ɗakin. Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta laluba takalmi, ta bi shi zare na lilo a haɓar zaninta. Ba ta ji abin da ya ce ba, amma fuskarsa ta gaya mata.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, kuma tun ita da Mai Agogo suna yara Tela take haura ta. An haifi Mai Agogo da tsaga a ganɗa, rufin bakinsa a buɗe har cikin hanci, ga muƙamuƙin ƙasa ɗan mitsitsi kamar ba a ƙarasa shi ba. In ya yi magana sai iskar ta bi ta hanci, kalmomin su fito a narke. Shayi ma da dogon cokali yake sha, kai a ɗage, in ba haka ba ya dawo masa ta hanci. Duk layin ba mai gane shi sai ita. Mahaifiyarsa ma, Allah ya jiƙanta, leƙo katanga take yi ta ce, "Ke, zo ki ji me yayanki yake so."

Haka ta zama tafintarsa, shi kuma ya laƙaba mata Kunne. Mutum ne mai baki kamar reza, mutane ne dai ba su sani ba. Wani zai kawo agogo, Mai Agogo ya juya shi ya ce, "Wannan ko jaki aka ɗaura wa sai ya yi fushi." Ita kuwa daga bakin shago ta ce, "Ya ce ka dawo jibi." Ko neman aurensa ita ta yi ta kai magana, tana ƙara gishiri son ranta.

Ɗan ne bai taɓa koyon gane maganarsa ba. Yaran makaranta sun yi ta kwaikwayon ubansa har ya tsani muryar, da ya samu aiki a nesa kuwa ya yi tafiyarsa. In ya bugo waya sai ya ce, "A ba Gwaggo." Yanzu ga shi da furfura a gemu, durƙushe gaban gado, yana kallonta kamar mai jiran hukunci.

Ɗakin na nan yadda ta san shi: agogunan bango a jere, madubin ido ɗaya na duba cikin agogo a kan tebur, kofi da dogon cokali a gefen gado. Mai Agogo ya rame har bargon ya fi shi nauyi. Bakinsa na motsi.

Ta sunkuya, ta kai kunne. Ba ta ji komai ba sai gunji can nesa.

Tun bara kunnen ya fara mutuwa, ta ɓoye. Shi kaɗai ya gano, ya dinga taɓa nasa kunnen yana mata dariya, amma bai tona ta ba.

"Me ya ce, Gwaggo?" ɗan ya tambaya da ƙarfi.

Da ta ce "ya yafe maka" da shi ke nan, ba mai ƙaryata ta. Ta yi wa maganarsa kwaskwarima iyakar rayuwarta. Amma wannan kam ta ji ba za ta iya taɓa ta ba, kuma tsoro ya kama ta kada mutumin nan ya tafi da maganar a cikinsa.

"Ɗan nan," ta ce, "kunnen ya mutu. Ba na ji."

Ɗan ya sunkuyar da kai. A nan ne ta lura da hannun Mai Agogo yana ɗagowa daga bargo, ya faɗi. Ya sake ɗagowa, ya sake faɗi. Hancinsa yake nema.

Sai ta tuna da kyandir. Suna ƙanana ya yi ta hurawa ya ƙi mutuwa, yara na ta shewa, ita kuma don haushi ta matse masa hanci. Iskar ta bi ta baki, wutar ta mutu fat. Tun daga ranar, in magana ta kai magana, sai ya toshe hancinsa da kansa ta fito da ɗan kyau. Haka ya yi ranar da ya leƙo katanga ya ce mata an samu namiji.

"Kawo hannunka. Matse masa hanci."

"Haba Gwaggo, numfashinsa fa?"

"Ta baki zai yi. Ka riƙe, ka saki, ka riƙe. Ba tsinke masa za ka yi ba. Matso da kunnenka, kai da naka ke aiki."

Ɗan ya kama hancin ubansa da yatsu biyu, a tsorace. Bakin ya motsa. Ya saki, ya sake kamawa. Tela ta ga kafaɗar ɗan ta girgiza da dariya, sannan dariyar ta koma kuka. Ya ɗaga murya har ita ma ta tsinta: "Na ji, Baba. Wallahi na ji!"

Ta yi murna, kuma gaskiya ta ji kishi. Yau ce rana ta farko da maganar Mai Agogo ta isa inda za ta ba tare da ta bi ta kanta ba.

Kafin yamma Mai Agogo ya cika. Da ɗakin ya ɗan lafa ɗan ya durƙusa kusa da ita, ya kai baki kunnenta.

"Gwaggo, in gaya miki abin da ya ce?"

"A'a. Naka ne, riƙe abinka."

Ta ɗauki dogon cokalin, ta goge shi da haɓar zani, ta mayar cikin kofin. Ta zauna a bakin gadon tana kallon agogunan bango, hannayensu na ta zagayawa ba ƙara.