Firintar Oga

Wata da watanni kujerar mai nazarin bayanai tana nan wayam a kamfanin, Anti mai ɗaukar ma'aikata kuwa har ta rame. Masu wannan ilimin, masu tace tarin alƙaluma su gaya wa kamfani inda kasuwa ta dosa, sun yi tsada. Kafin ka gama sallama wani ya wafce su. Oga kuma ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in watan nan ya mutu kujerar ba kowa, to tata ma za a nemi mai zama.

Da ƙyar ta samo Dakta, yarinya ƙarama mai digirin digirgir, wadda kamfanoni ke rububi. Anti ta yi lallami, ta yi magiya, ta soke dogon gwajin da ke korar mutane. Gaisawa da Oga kawai ta rage.

Ranar gaisawar, Dakta ta yi sammako. Anti ta zaunar da ita a ɗakin jira, ta ruga ɗauko takardar kama aiki. A hanya masinja ya tare ta, wai Oga ya ce ta taho masa da shayinsa. Ta karɓi tiren, ta soke takardar a hammata.

Ta dawo, ɗakin jira ba kowa. Ta nufi ofishin Oga da sauri.

Tana tura ƙofar Oga ta daskare. Innalillahi! Ga Dakta durƙushe a ƙarƙashin tebur, hannu dumu-dumu da baƙar tawada, tana zaro takardar da ta maƙale a firinta. Oga na kan kujera yana kaɗa ƙafa. Shi dai a wurinsa duk mai rataye da jakar kwamfuta makanike ne.

"Ranka ya daɗe," in ji Anti, "ai Dakta ce! Wadda muke nema!"

"Na sani mana," in ji Oga. "Ba 'yar kwamfuta ba ce? Na ce bari in gwada ta da aikin gaske. Kai, yarinyar nan akwai hannu! In ta gama ta duba min wayata, ta cika zafi."

Anti ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta kama ta, ga tsoro, ga takaici.

Firinta ta yi ƙara ta fara aiki. Dakta ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta yi wa Oga sallama cikin ladabi ta fice. Anti ta bi ta da sassarfa har bakin matakala, kofi na ƙara a kan tire.

"Ƙanwata, don Allah tsaya. Wallahi ba haka aikin yake ba. Za a ba ki ofis, za a ba ki mataimaka."

"Na yarda da ke, Anti. Kin yi min kirki." Dakta tana goge yatsunta. "Amma kullum firintar nan sai ta maƙale, kuma yanzu ya san wa zai kira."

"Sau ɗaya ne! Nan kowa da aikin da aka ɗauke shi."

Dakta ta dube ta, ta dubi tiren da ke hannunta. Ba raini a idonta, tausayi ne.

"To ke, Anti, kawo shayi aka ɗauke ki yi?"

Anti ta dubi tiren. Tana tsaye tana jin takun Dakta na sauka, sai ga muryar Oga daga ofis.

"Wai shayin nan sai ya huce ne?"