Dokin Kyaftin Ya Tafi Gida

A gefen barga aka haifi Kyaftin, don ubansa mai yankar wa dawakin soja ciyawa ne. Ya iya hawa kafin ya iya ɗaura wando. Da ya girma ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka, sojojinsa na kiransa Baba Sirdi a bayan idonsa. Doka ɗaya yake dasa wa kurata a kai: hafsan doki ba ya barin sirdi a gaban yaransa, ko da wuta ce ta kama shi.

Matarsa ta daɗe da sallamawa.

"Baban yara, tsakanina da baƙin dokin nan, wa ka fi so?"

"Shi dai bai taɓa tambayata ba," in ji shi.

Rikici ya tashi a kan iyaka saboda wani tsibirin yashi da kogi ke haɗiyewa kowace damina. Aka tura su. Suka yi wata da watanni suna sintiri, ba su harbi kowa ba, ba wanda ya harbe su. Sai hedikwata ta ce dawakin nan ci da kashi kawai suka iya. Za a turo Kanar ya duba, in bai ga amfaninsu ba a sayar, a kawo babura.

Akwai abin da Kyaftin ya sani, sajansa ma ya sani. Baƙin dokin daga tsallaken kogi aka sayo shi tun ana zaman lafiya. Duk sanda iska ta kaɗo daga can sai ya miƙe kunnuwa yana haniniya. Shi ya sa Kyaftin bai taɓa kai shi bakin mashigi ba. To, Kanar kuwa mashigin ya ce zai gani.

"Ranka ya daɗe, yau ɗaya dai ka hau wani," in ji Saja.

"Wanne? Wancan mai fuskar jaki? Ranar da za a duba ni? Ɗaura sirdi, malam."

Da hantsi suka jeru a bakin ruwa. Kanar ya ƙi fitowa daga mota, ya sauke gilashi ya toshe hanci da hankici.

"Kyaftin, me abin nan zai yi wanda babur ba zai yi ba?"

Bai rufe baki ba wata goɗiya ta yi haniniya a tsallake. Baƙin dokin ya cije linzami ya faɗa ruwa. Kyaftin ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, a banza.

"Diro, Oga! Ruwan bai kai gwiwa ba!" Saja ke ihu.

Gaskiya ne, da ya diro da wando kawai zai jiƙa. Amma ga yaransa a jere, ga Kanar ya leƙo da kai. In ya faɗo a nan, an gama da dawaki. Sai ya saki linzami, ya zare takobi, ya yi kururuwa kamar shi ya ba da umarni.

Dokin bai ko dubi sansanin abokan gaba ba. Ya ratsa gonar albasa ya bi lungu, sai ƙofar gidan da aka haife shi. Wani sojan can da ke wanke kwano ya ga mutum da takobi tsirara, ya jefar da kwanon ya harba. Harsashi ɗaya aka kashe a yaƙin gaba ɗaya, shi ne wannan.

Mutanen tsallake suka dawo da gawar Kyaftin cikin mutunci. Dokin kam tsohon mai shi ya ce ai ya dawo gida.

Kanar ya rubuta cewa bai taɓa ganin jarunta irin wannan ba, mutum ɗaya ya tunkari runduna. Aka kai wa matar lambar yabo. Ta juya ta, ta tambayi Saja ko ya kira sunan wani kafin ya cika.

"Na doki muka ji, Mama, daga nesa."

"Na sani," ta ce.

Hedikwata ta yanke cewa rundunar da ta haifi irin wannan jarumi ba za a rushe ta ba. Aka bar mata suna da tuta da ƙaho. Dawakin ne kawai aka sayar.