Surukar Abbo a Kujerar Baya

Tobias makanike ya fito daga ƙarƙashin motar, ya miƙa wa Abbo guntun noti.

"Alhaji, ƙarfen da yake riƙe giyabos, notinsa biyu ta karye. Sauran biyun ma Allah ne kawai."

Abbo ya jujjuya guntun, bai gane komai ba. Shi dillalin shanu ne, saninsa da mota bai wuce mai da ruwa ba. Ga kuma surukarsa, Dada, a kujerar baya, ta ja mayafi tana kallon gabanta. Ba ta taɓa yarda ta shiga motarsa ba sai yau, da ake taron sunan jikanta a Sunkani. Tun daga unguwar Sintali yake jin ƙwal-ƙwal a ƙasa, ya yi ta maza don kada a ce ya ɗauko ta a akwala. Sai da sandar giya ta fara rawa a hannunsa ya ratse gareji.

"To, yaya za a yi?"

"A huda, a ciro guntayen, a sa sabo. Sai yamma."

Matiyu mai walda ya leƙo daga rumfarsa. "Wane yamma? Kawo in liƙe shi yanzu ka wuce."

"Ran da za a sauke giyabos fa?" in ji Tobias. "Da haƙori za a cire?"

Wani direba da ke shan rake ya ce shi sarƙa ya ɗaura wa tasa, har Yola ya je ya dawo. Tobias ya ce ya taki sa'a ne, don rami ɗaya ya isa giyabos ya faɗo, farfelar ƙasan motar ta soki kwalta, mota ta wuntsila.

Kan Abbo ya ɗaure. Duk wanda ya yi magana sai ya ga kamar shi ne mai gaskiya. Ya tambaya wanne ne ƙarfen ma, aka nuna masa, ya ga duk ƙarafan iri ɗaya ne.

Abin da ya fi damunsa shi ne, huda ko walda, sai an ɗaga motar, sai Dada ta sauka. Shi kuwa ko ido ba ya haɗawa da ita, balle ya buɗe baki ya ce ta fito. Ya kira matarsa Kadijatu don ta faɗa mata, tana can cikin hayaniyar suna, ba ta ɗauka ba. Ya zagaya motar, ya dawo inda yake. Sarƙa ce kaɗai ba ta bukatar a yi wa kowa magana.

"A ɗaura sarƙar," ya ce.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Dada ta sauko a hankali, ta yafito Tobias.

"Ɗana, tun daga gida ƙarfen nan yake dukan tafin ƙafata, kunya ta hana ni magana. Ka gaya wa mai motar, jariri ba ya gudu. 'Yata kuma miji ɗaya gare ta. A huda."

Ta wuce ta zauna a benci, ta ba su baya.

Tobias ya juyo. "Alhaji, Mama ya ce..."

"Na ji," in ji Abbo, idonsa a ƙasa. "Ɗauko jak."